Yadda alƙalin sofbol ke shawo kan masu gardamar bol da sitiraik

A wasan sofbol, wasan sanda da ƙwallo mai kama da besbol, babu hukuncin da alƙali ke yankewa sau da yawa kamar na bol da sitiraik, babu kuma wanda ake ja da shi a kai kamar wannan. A wasa guda mai zango 7, wato zagaye 7 da kowace ƙungiya ke karɓar bugu a cikinsu, jifan da ƙungiyoyin biyu za su yi yana iya kaiwa 200, kuma duk wanda mai bugu ba ta kai wa sanda ba, alƙalin da ke duƙe bayan faranti, wato farar robar da ke ƙasa inda mai bugu ke tsayawa, shi ne zai faɗi makomarsa. Ƙwallo ta ratsa yankin bugu, wato sararin da ke saman faranti daidai jikin mai bugu, sitiraik ne; ta kauce, bol ne. Sitiraik 3 mai bugu ta fita, bol 4 ta taka zuwa tasha ta farko a kyauta. A wasan mata na jifa mai sauri, ƙafa 43 ce tsakanin mai jifa da faranti, wato mita 13 da 'yan kai, manyan 'yan wasa kuwa suna sako ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 100 a awa. Bai kai rabin daƙiƙa ba an gama. Mai bugu ta gani daga gefe, koci ya gani daga benci, uwar yarinya ta gani ta bayan raga, kowa kuma ya rantse nasa ganin ne daidai.

Don haka gardama ba za ta ƙare ba, kuma ba aikinka ba ne ka ci ta. Aikinka ka tsayar da ita da wuri, da ƙaramin makami kafin babba, sannan duk abin da ka furta za ka yi, ka yi shi. Ga yadda ƙwararrun alƙalai suke bi, musamman a Amurka inda wasan ya samo asali a birnin Chicago a 1887.

Da farko, ka san abin da doka ta ba ka

Bol da sitiraik hukunci ne na ganin ido. Ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Koci yana da damar shigar da ƙorafi idan kun saɓa kan fassarar doka, amma ba kan ko ƙwallo ta shafi gefen faranti ba. Ko a gasar jami'o'in Amurka da ake komawa ga bidiyo don duba wasu hukunce-hukunce, wannan ba ya cikinsu.

Littafin dokokin USA Softball, hukumar da aka kafa a 1933 da sunan ASA kuma take da hedikwata a Oklahoma City, ya yi maganar a gajarce: duk wanda ya yi gardama kan bol da sitiraik, an yi wa ƙungiyarsa gaba ɗaya gargaɗi, wanda ya sake daga cikinsu, a kore shi. Dokar jami'o'i ta NCAA ma haka take tafiya. Lura da kyau, gargaɗin na ƙungiya ne, ba na mutum ɗaya ba. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya saba katin gargaɗi na wanda aka ɗaga wa ne shi kaɗai. A nan kuwa idan mai cafewa, wato wadda ke tsugune bayan faranti tana cafe jifa, ta jawo gargaɗi a zango na 2, mai bugun da ta buɗe baki a zango na 6 ita za ta tafi, ko da ba ta ce uffan ba tun safe.

Dokar makarantun sakandare ta NFHS ta ƙara wa alƙali wani makami na tsaka-tsaki, wato ya tsare koci a benci har ƙarshen wasa ba tare da ya kore shi ba. Kafin ka shiga fili ka tabbatar da wane littafi ake wasa ranar, domin ƙananan gasanni sukan ƙara nasu sharuɗɗan.

Ka gyara naka aikin kafin ka nemi gyaran bakin wani

Rabin gardamar da ake yi wa alƙali shi ne ya saye ta da kuɗinsa. Yankin bugu a faɗi shi ne faɗin faranti, inci 17, kimanin santimita 43, kuma ko gefen ƙwallo ne ya shafe shi ya wadatar. A tsaye kuwa littattafai sun ɗan bambanta: USA Softball ta ce daga hammata zuwa saman gwiwa idan mai bugu ta yi tsayuwarta ta bugu, NCAA kuma ta sauko da saman zuwa ƙasan ƙashin ƙirji. 'Yan wasa za su jure wa yanki mai ɗan faɗi ko mai ɗan matsi. Abin da ba sa jurewa shi ne yankin da ke yawo, jifan da ya zama sitiraik a zango na 1 ya koma bol a zango na 5.

Tsaya a ratar da ke tsakanin mai bugu da mai cafewa, ba a bayan kan mai cafewa ba, don ka ga farantin duka har da kusurwar waje. Kafe kanka wuri guda, ka bi ƙwallo da ido tun daga hannun mai jifa har ta shige safar mai cafewa. Sannan ka dakata numfashi ɗaya. Sabon alƙali gaggawa ke kayar da shi: ya yanke hukunci ƙwallo tana hanya, ita kuwa ƙwallon sofbol takan yi sama ko ta nutse a taku na ƙarshe. Wannan ɗan jinkirin ba ya nuna shakka, yana nuna ka gani ne kafin ka faɗa. Muryarka kuma ta zama iri ɗaya a jifan da ya fito fili da wanda ya zo a kan gaɓa. Da zarar ka sassauta murya a na kan gaɓa, benci ya ji, ya kuma san inda zai matsa.

Kada ka yi wa hukuncinka sharhi ba a tambaye ka ba. Ka ce bol, ka yi shiru. Wanda yake bin kowane hukunci da "ta yi ƙasa" ko ya nuna da hannu inda ta kauce, shi ya buɗe teburin muhawara.

A taron da ake yi da kociyoyi a gaban faranti kafin wasa, ka karɓi takardar jerin 'yan wasa, ka bi dokokin filin, ka gama cikin 'yan mintuna. Wasu alƙalai a nan suke cewa "duk wanda ya yi mini gardama yau zai fita". A ganina kuskure ne. Ka zo da faɗa tun ba a yi maka komai ba, kuma doka ba ta ɗauki wannan a matsayin gargaɗi ba, don haka ka ɓata dangantaka a banza. Gara ka koyi sunan kocin da na masu cafewar biyu. Mai cafewa ita ce maƙwabciyarka tsawon wasa, ita ke tare maka ƙwallon da za ta fasa maka ƙafa, ta bakinta kuma saƙonka zai fi saurin isa benci.

Ka raba tambaya da gardama

Nan ne basira take. Mai cafewa tana kallon gaba, ba ta juyo ba, ta ce a hankali, "Alƙali, ina ta bi?" Wannan tambaya ce, kuma tana da haƙƙin amsa: "Waje, kaɗan." Shi ke nan. Bayani take nema don ta gyara wa mai jifanta. Mai bugu ta ce, "Iyakar saman ke nan?" Ka ce mata e ko a'a. Alƙalin da ya ɗauki kowace tambaya a matsayin raini ba zai daɗe a wannan sana'a ba.

Gardama kuwa tana da alamominta. Ana ɗaga murya don 'yan kallo su ji. Ana juyowa a fuskance ka. Ana maimaita tambayar da aka riga aka amsa. Koci ya yi ta kwaɗa wa mai cafewarsa kira daga benci, "Ina wannan ta bi?", alhali kowa ya san da kai yake. Mai cafewa ta riƙe safarta a sandare inda ta cafe ƙwallo, daƙiƙa biyu, uku, don duk fili ya ga wai ka yi kuskure. Mai jifa ta ɗora hannu a ƙugu ta zuba maka ido. Duk waɗannan magana ce ko da baki bai motsa ba.

Akwai kuma buƙata guda da take halal, kada ka haɗa ta da gardama. Idan mai bugu ta fara kai sanda ta janye, ka ce bol, masu tsaron fili suna iya roƙon ka tambayi abokin aikinka da ke cikin fili ko sandar ta wuce. Cire garkuwar fuskarka, ka nuna shi, ka tambaya, abin da ya ce ya zauna. Amma idan sitiraik ka kira, ba a komawa.

Mataki na 1: kunnen uwar shegu

Gunaguni na farko, ƙyale shi. Mai bugu ta fita da sitiraik na uku tana tafiya benci tana magana da ƙasa, bar ta ta tafi. Kada ka bi ta da ido, kada ka bi ta da ƙafa. Mutum yana da damar jin haushi, kuma wanda yake tafiya ya riga ya bar maka filin. Alƙalai na yi wa wanda ke jin kowane raɗa daga benci ba'a da cewa kunnensa ya yi tsawo. Irin wannan alƙali yakan kori mutum kan maganar da ba wanda ya ji sai shi.

Mataki na 2: ka nuna ka ji

Idan abin ya sake dawowa, juya kanka wajen bencin, garkuwa na fuskarka, ka dube su daƙiƙa biyu. Bai isa ba, ɗaga tafin hannu ka ce, "Na ji, Koci. Ya isa." Ka koma aikinka nan take, kada ka tsaya jiran amsa. Tsayawa jira gayyata ce.

Ga mai cafewa akwai tsohuwar dabara. Ka nemi a dakata, ka zagayo gaban faranti, ka juya wa mai jifa baya, ka sunkuya da ɗan burushinka kana share farantin ko da ba ƙura a kansa. A nan fuskarka na kusa da tata, ba mai jin ku. Ka ce, "Kada ki ƙara riƙe mini safa haka. Ki mayar da ƙwallo." Ko kuma, "Je ki gaya wa mai jifanki ta daina kallona, kafin in gaya mata da kaina." 'Yan kallo sun ga alƙali mai tsafta, yarinya ta tsira da mutuncinta, saƙo kuma ya isa. Yawancin rigingimu a nan suke mutuwa, shi ya sa na fi ba wannan mataki muhimmanci a kan duk sauran.

Mai bugun da ta fice daga akwatin bugu tana jan lokaci don nuna fushi, ita ma doka ta tanadar mata. A littafin USA Softball tana da daƙiƙa 10 ta shiga bayan ka umarta, in ta ƙi ka kira mata sitiraik ba tare da an yi jifa ba. Ka ce, "Shigo mu ci gaba." Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Mataki na 3: gargaɗi a bainar jama'a

An ƙi ji. Yanzu ka tsayar da wasa. Cire garkuwar da hannun hagu, ka ɗan taka wajen bencin amma kada ka je bakinsa, ka yi magana da muryar da koci zai ji, abokin aikinka ma ya ji: "Koci, wannan gargaɗi ne ga ƙungiyarku kan gardamar bol da sitiraik." Sai ka zaro takardar jerin 'yan wasa, ka rubuta zango, da lambar wanda ya jawo, da abin da ya ce, kowa yana kallo. Rubutun nan yana aiki biyu. Yana nuna maganar ta shiga littafi, yana kuma ba kowa, har da kai, rabin minti na hucewa.

Kalmar gargaɗi dole ta fito daga bakinka ƙarara. "Ku yi hankali fa" ba gargaɗi ba ne, gobe koci zai ce ba a taɓa yi masa ba, kuma ya yi gaskiya. Haka nan ka guji "kalma ɗaya ka ƙara ka fita". Ka ɗaure kanka da igiyarka: idan ya ce "to", ko ka kore shi kan "to", ko ka zama mai barazanar banza. Kada ka yi gatse, kada ka tuna masa cewa ana cin su, kada ka nuna shi da yatsa a fuska.

Idan koci ya fito yana tahowa, tare shi da tambaya tun daga nesa: "Koci, kan bol da sitiraik ne?" In canjin 'yar wasa ya kawo ko tambayar doka, bismilla. In kan jifa ne, gaya masa ba a zuwa nan da wannan, ya koma. Ka ba shi ƙofar fita da girmansa. Mafi yawansu za su bi ta.

Gargaɗi ɗaya ne ga kowace ƙungiya. Babu na biyu, babu "na ƙarshe". Alƙalin da ya yi gargaɗi sau uku ya koya wa fili duka cewa na farko da na biyu wasa ne, sannan ya bar wa alƙalin mako mai zuwa gadon ƙungiyar da ta saba.

Mataki na 4: kora

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. An sake bayan gargaɗi, ka dakatar da wasa idan ƙwallo ba ta cikin tafiya, ka cire garkuwa, ka yi nuni da hannun dama zuwa wajen fili sau ɗaya, ka faɗi wanda ka kora: "Lamba 14, kin fita." Ba tsalle, ba ihu. Idan daga benci maganar ta fito, ka tabbata ka san bakin da ya yi ta. Kada ka yi kora a kan zato. In ba ka gane ba, koci za ka kira, shi ke da alhakin bencinsa.

Daga nan ka ja da baya. Koci zai zo neman bayani, ka ba shi a jimla ɗaya: "An yi muku gargaɗi a zango na 3, ta sake." Ka saurare shi kaɗan, hannuwanka a ƙasa ko a baya, sannan ka ce za a ci gaba da wasa, ka juya ka tafi. Aikin abokin aikinka ne ya shiga tsakani ya raka wanda aka kora. Kai da ka yi korar ba kai za ka yi rakiya ba, ganinka ma ƙara wutar yake.

Kafin a ci gaba akwai lissafi. Wa zai maye gurbi? Idan mai bugu aka kora tana tsakiyar bugunta, wadda ta shigo za ta gaji ƙidayar da ta tarar, in bol 1 da sitiraik 2 ne, a haka za ta karɓa. A dokar USA Softball ana barin ƙungiya ta ci gaba da gurbi ɗaya a buɗe idan rauni ne ko wani uzuri, amma ban da kora. Ba mai maye gurbi, wasa ya ƙare, an ba abokan hamayya 7 da 0. Wanda aka kora kuma ya ƙi barin wurin, nan ma ƙungiyarsa na iya asarar wasan; gaya wa koci haka a sarari, ka ba shi ɗan lokaci ya fitar da mutuminsa. Sanin nauyin wannan ne ya sa ake son ka yi aiki da mataki na 2 sosai, ba don ka ji tsoron na 4 ba.

Abin da ba ya jiran gargaɗi

Matakan nan ba dole ne a taka su ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai bambanci tsakanin "wannan hukunci bai yi ba" da "kai ba ka iya ba". Na farko kan jifa ne, na biyu kan mutum. Zagi da aka nufe ka da shi, zargin cewa an saye ka ko kana goyon gida, taɓa jikinka, watsa maka ƙasa da ƙafa, jifa da sanda ko hular kwano don fushin hukunci, duk waɗannan kora ce kai tsaye. Haka mai bugun da ta sa kan sanda ta ja layi a ƙasa don ta nuna wa jama'a inda ƙwallo ta bi. Ba ta ce komai ba, amma a al'adar alƙalan sofbol da na besbol, wannan layin takardar sallama ce.

Jifan da ke biye

Wuri mafi wuya shi ne jifa na gaba. Zuciya za ta raya maka ɗaya daga biyu: ka huce a kan ƙungiyar da ta dame ka, ko ka lallashe ta da hukunci mai daɗi. Duka biyun ka bar su. Idan ma ka san a ranka wancan jifan ka kuskure shi, ba a biyan bashi da na gaba, kuskure biyu ke nan. Mai cafewa ta tambaya a hankali, ba laifi ka ce mata, "Ki sake kawo shi nan." Ta gane ka amsa kuskurenka ne. Amma sau ɗaya a wasa, ba kowane zango ba.

Fili ma yana canza yadda za ka taka. A wasan jifa a hankali na magidanta da yamma, inda dole ƙwallo ta yi sama ta lanƙwaso kamar baka, tsayinta daga ƙasa tsakanin ƙafa 6 da 10 a dokar USA Softball, rabin gardamar kan tsayin jifan ne, kuma kai kaɗai ne alƙali sau da yawa. Kira jifan da ya saɓa tun yana sama, da murya, kada ka jira ya sauka. Wasu gasannin, musamman na dattawa, sun huta da rigimar ta hanyar shimfiɗa tabarmar roba a wurin faranti: ƙwallo ta faɗa kanta sitiraik, ta kauce bol. A wasan yara kuwa kada ka yi musayar magana da 'yar shekara 12. Je wurin kocinta ka ce, "Ka yi wa lamba 8 magana, in ba haka ba ni zan yi." 'Yan kallo ba naka ba ne ko kaɗan. Kada ka amsa musu, kada ka juya. Idan wani uba ya wuce gona da iri har yana hana wasa tafiya, ka dakatar, ka kira mai kula da filin ko shugaban gasar ya fitar da shi.

Bayan wasa ku fita tare da abokin aikinka, ta ƙofar da ba ta bi ta bencin da aka yi rigima da shi ba, kada ku tsaya karɓar bayani a wurin ajiye motoci. Rahoton kora ka rubuta shi a ranar, tun maganganun na kunnenka: zango, ƙidayar bol da sitiraik, yawan masu bugun da suka riga suka fita a zangon, lokacin da ka yi gargaɗi, da ainihin kalmomin da aka faɗa, har zagin, yadda aka furta shi. Kada ka rubuta "ya yi rashin ɗa'a", ka rubuta abin da ya ce da abin da ya yi. Ka bar ra'ayinka kan halinsa a waje, domin kwamitin da zai yanke ko za a dakatar da shi wasa na gaba da wannan takardar zai yi aiki, kuma zai nemi abokin aikinka ya ba da nasa bayanin daban.